Igiyar da Kawu Bai Saki Ba

Kwanan baya wani abokina da ke can har yanzu ya turo mini hoton ginin a waya. An gama gyara, an kunna fitilu, manyan mutane suna hawa matakala da matansu. Ya ce, "Habu, ga gidanku, dubi yadda ya yi kyau." Kyau kam ya yi, ba zan yi wa gini ƙarya ba. Amma ni in na kalle shi ba fitilu nake gani ba, hannun Kawu Ilu nake gani, kuma sai abinci ya fita raina yini guda.

Mu mahaƙa rijiya ne, daga wani ƙauye arewa da Belbeji, cikin kwarin Tarka. Ruwan wajenmu yana ƙasa ƙwarai, sai ka sauka har sararin sama ya koma kamar bakin ludayi kafin ka ji laima. Kawu Ilu ƙanin mahaifiyata ne. Ni ke sauka, shi ke riƙe igiya. Wanda bai san sana'ar ba yakan ɗauka mai sauka shi ne babba. Ina! Mai riƙo ne babba, don ranka yana tafin hannunsa daga safe har la'asar. Kawu in ya gaisa da kai sai ka ji kamar ka kama ɓawon itace. Da hannun nan yake ciyar da gidansa, da gidan uwata tun da mahaifina ya rasu. Motocin foraj masu haƙa rijiya da inji suka yawaita, aiki ya ja baya, gero kuma ya ƙi damina bayan damina. Sai muka nufi arewa kamar kowa.

Direban da ya ɗauke mu daga Arlit ya sauke mu a gindin wani dutse, ya nuna da leɓe ya ce Tamanrasat na nan bayan tudun can. Ɗan banza! Bayan tudun wani tudu ne, bayansa kuma wani. Ruwan da ya sayar mana a jarkar da aka taɓa zuba wa gazuwal, man manyan motoci, yake, in ka sha sai ka yini kana gyatsar mota. Wata Buzuwa mai kiwon awaki ce ta cece mu. Kawu ya gaishe ta da harshensu, don rabin rijiyoyin da ya riƙe wa igiya na Buzaye ne. Ta dube mu sama da ƙasa, ta tatso nono ta ba mu, ta aza mu kan hanya. Ko sunanmu ba ta tambaya ba.

A Tamanrasat masai muka riƙa haƙa wa mutane. Kawu, mutumin da garuruwa ke shan ruwa ta dalilinsa, ga shi yana jawo ƙasar masai a bayan gidan wani. Bai taɓa yin ƙorafi ba, ni ne mai bakin. Can muka haɗu da wani Badamagare mai tsabtar riga, wanda bai iya magana ba sai ya ce "ɗan'uwa". Ya ce akwai aikin gini a bakin teku, har da wurin kwana. Daga baya muka gane a kan kowane kai da ya kai yana da ladansa, kamar dillalin tumaki. Muka bi shi, mota bayan mota, har muka iso birnin. Ba zan kama sunan birnin ba. Sanyi ne a cikinsa da ruwan sama ba dare ba rana, abin da muke roƙo a gida ga shi yana zuba a kan kwalta a banza.

Ginin yana tsakiyar gari, gaban wani fili mai itatuwan dabino da ba sa haihuwa. Ni na ce majami'a ce, Kawu ya ce gidan gwamna ne. Ashe gidan wasan kwaikwayo ne. Wasan kwaikwayo! Mu da muka saba a yi shi a filin lakwal, wato makarantar boko, da tabarma biyu da fitilar ƙwai. Ginshiƙai ne a gabansa, mutum biyu ba su rungume ɗaya. Saman ƙofa an sassaƙa fuskoki biyu, ɗaya na dariya, ɗaya na kuka. Can kan rufi kuma ga mata na dutse a tsaye, ɗaya riƙe da abin kiɗa, zaninta ya zame har ƙugu. Kawu ya ɗaga kai, ya yi sauri ya sunkuyar.

"A'uzu billahi. Duk sanyin nan, ko mayafi ba a ba su ba?"

Ta gilashin ƙofar gaba muka hango matakala ta farin dutse mai sheƙi, ta hau ta rabu biyu, dama da hagu. Hange kawai muka yi. Mu ta lungu aka shigar da mu, ta wata ƴar ƙofa kusa da juji.

Shef na aikin, wato shugaban ma'aikata, sunansa na gaskiya ban riƙe ba, kuma ba na so in riƙe. Yalla muke ce masa, wato "yi sauri" da Larabci, don kalmar ba ta barin bakinsa. Kana ɗauke da buhun siminti, yalla. Kana sallah, yalla. Na tabbata ranar da za a kai shi makwanci zai ɗaga kai daga makara ya ce wa masu ɗauka yalla. Aikinmu kwasar ɓaraguzai ne, da tumɓuke tsofaffin kujeru masu jan karan-miski da asu ya cinye, da hawa da siminti. Wurin kwanan da aka yi mana alkawari kuwa shi ne bene na can ƙoli, daf da rufi, inda tantabaru suka riga mu kama wuri.

Mutum ɗaya ne a ginin yake kiran mu da sunanmu. Ammi Buzid ake ce masa, wani tsoho da ya yi aikin igiyoyin bayan dandamali tun yana saurayi. Ya ajiye aiki da jimawa, amma kullum safe sai ya zo da ɗan kofin gahawarsa ya zauna, kamar mai zuwa gaida mara lafiya. Da ɗan Faransancin da na tsinta a lakwal muke magana, in juya wa Kawu. Shi ya ba mu tarihin wurin, a guntu-guntu, lokacin cin burodin rana.

Ya ce Faransawa suka gina shi lokacin da suke mulkin ƙasar, don su ji kamar suna garinsu. Mutanen ƙasar suka ɗauko duwatsun a ka. Zauren kamar ƙwarya yake da aka yanke gefe ɗaya, dandamali a wurin yankan, benaye kuma sun zagaye hawa kan hawa. Jikin bango ƴan ɗakuna ne jere kamar gidajen tantabara, kowanne da labulensa da kujerunsa, kowanne na iyalin wani attajiri. An shafe bakunansu da ruwan zinariya. A rufi an zana gajimare da jarirai masu ƙiba da fukafukai, tsakiya kuma ga fitila mai gilasai kusan girman rumbu. Na ce masa duk wannan almubazzaranci ne. Ya yi dariya, ya ce mu hau wurin kwananmu mu saurara. Muka hau. Ya tsaya kan dandamali, ƙanƙane kamar ɗan tsako, ya yi raɗa. Wallahi kamar a kunnena ya ce, "Habu." Ya ce da gangan aka lanƙwasa bangon haka, aka yi shi da katako, don murya ta kai ko'ina ba tare da lasifika ba.

Kawu ya ce a bar shi shi ma ya gwada. Ya sauka, ya tsaya tsakiyar dandamali, ya yi irin kiran da yake yi mini in ina ƙasa, kiran da ke nufin ga guga nan tafe, kauce. Muryar ta zaga zauren ta dawo masa. Da ya hawo ya ce, "Kamar rijiyar Tarka," ya juya mini baya ya kwanta, alhali ko azahar ba a yi ba. Ni ma ranar kewar gida ta kama ni, har ƙamshin fura nake ji a hanci.

Wurin da muke kwana, Ammi ya ce Faransawa kejin kaji suke kiransa. Nan kaɗai aka yarda mutanen ƙasar su zauna, kan benci, kuma da tasu matakalar daban, siririya, mai duhu, wadda ta fito ta lungu, don kada su haɗa kafaɗa da masu farin dutse. Mahaifinsa a nan ya yi kallo duk rayuwarsa, wuya a miƙe. Da aka samu ƴancin kai suka shiga ta ƙofar gaba, aka fara wasa da Larabci. Ya ce ranar da ya ga mahaifiyarsa zaune cikin ɗaya daga ƴan ɗakunan nan masu zinariya, da mayafinta, sai da ya ɓoye bayan labule ya yi kuka. Daga baya wuta ta taɓa cin gefen rufi, ruwa ya riƙa zuba, aka rufe, sai yanzu aka tuna da shi.

Na ce, "To Ammi, yanzu su wa aka sa a kejin kajin?"

Ya kalle ni, ya kalli kofinsa.

Inda Kawu ya fi so shi ne bayan dandamali. Masu kallo ba su san da shi ba, amma ya fi zauren tsawo, in ka ɗaga kai sai duhu. Kawu ya ce rijiya ce aka kife. Jikin bango igiyoyi ne jere, sun fi a ƙirga da ido. Kowace igiya tana ɗaga wata doguwar sanda, a jikin sandar an rataya ƙaton labule da aka yi wa zane, wani lambu, wani teku, wani fada. Labule ɗaya ya fi raƙumi nauyi. Amma a ɗaya gefen an jera tubalan ƙarfe da suka yi daidai da nauyinsa, don haka mutum ɗaya ke saukar da shi ya ɗaga shi da hannu guda. Daga ƙasa kuma, daidai gwiwa, igiyar tana bi ta cikin wata ƙafar ƙarfe mai juyawa, irin ta katakon da ke bakin rijiyoyinmu.

Kawu ya riƙa shafa igiyoyin, yana sunsuna su, yana girgiza kai don daɗi. Shi da Ammi ba su da harshe ɗaya, amma sai su zauna da guntun igiya, wannan ya ƙulla nasa ƙulli, wancan ya kwance ya ƙulla nasa, suna ta dariya kamar yara. Ammi ya ce kada mu taɓa na bango sai ya koya mana, a hankali, daga farko. Bai samu ya koya mana ba. Yalla ya ce tsoho yana ɓata wa ma'aikata lokaci, ya hana shi wuce zaure. Kuma a bakin Badamagaren nan ya ji cewa mu mahaƙa rijiya ne.

"Ashe mutanen igiya ne ku!" in ji shi. "Igiya ai igiya ce. Yalla."

Safiyar ranar an ce manya za su zo duba aiki da yamma, masu zanen gini da mutanen ofis. Yalla yana so a sauke tsofaffin labulen nan duka a kai juji kafin su iso. Ya tura mutum biyu can sama su fara kwashe tubalan ƙarfen. Ya sa Kawu gaban igiya, fuskarsa ga bango, ya ce ya kwance. Ni ina can gefe da baro. Ba a gaya wa na sama su jira ba, ba a gaya wa Kawu an riga an rage ƙarfen ba. Kowa dai yalla.

Kawu ya kwance, igiya ta ruga. Ta ruga ƙasa, daidai yadda take rugawa in mutum ya suɓuce a rijiya. Ƴan garin da ke wurin duk suka watse da gudu, suna ihu da Larabci ya saki. Kawu bai waiga ba. Ya cafke ta da hannu biyu, ya kafa ƙafa, ya kwanta da baya, ya ce, "Ya Allahu!" Na ga hayaƙi yana tashi daga tafinsa. Na ji warin babbaka. Igiyar ta ja shi har ya durƙusa, ta cusa hannunsa na dama cikin ƙafar ƙarfen nan, na ji ƙas, kamar an karya kara. Kuma bai saki ba.

Ya tsayar da ita, jama'a. Abin da ke ci mini rai ke nan. Labulen ya sauko a hankali, ya kwanta kan dandamali ko ƙura bai tayar ba. Babu kowa a ƙarƙashinsa, ko kyanwa. Wani tsohon ƙyalle ne da aka zana wa sararin sama da farin wata, asu ya huda shi ko'ina, wanda kafin yamma za a jefa a juji.

Da muka zare hannun, Yalla ya iso. Agogonsa ya fara dubawa. Na rantse da Allah, agogo ya fara dubawa kafin ya dubi Kawu. Na ce asibiti. Ya ce, "Asibiti? Kuna da takardar zama? Ka kai shi, ƴan sanda su kwashe ku su zubar a hamada, ni kuma su rufe mini aiki." Ya aika aka sayo man shafawa da bandeji, aka naɗe hannuwan, ya sa aka ɗauki Kawu aka hau da shi kejin kaji. Ina shiga bayansa na ji an murɗa makulli.

Da yamma manyan suka zo. Daga can sama muna jin komai, ai don haka aka gina wurin. Ina jin ƙarar takalmansu, ina jin wata mace tana yabon zinariyar bango, ina jin Yalla yana dariyar ladabi, muryarsa ta yi laushi kamar ba shi ba. Kuma yadda tasu ke hawowa, haka tamu za ta sauka. Kawu ya san haka. Ya ce in tura masa bakin rawaninsa a baki. Ya cije shi, gumi na zuba, idanunsa sun yi ja, don kada nishinsa ya dami baƙi. Na so in leƙa in kwarara ihu da Hausa har fitilar nan ta girgiza. Ya taka mini ƙafa, ya girgiza kai.

Kwanaki suka shige. Yalla kullum sai ya ce gobe zai kawo wani likita da ya sani, mai rufin asiri. Goben ba ta zo ba. Ni da rana ina kwasar ɓaraguzai, ina hawowa in ba Kawu ruwa a baki, in kai shi bayan gida, in yi masa abin da ɗa ba ya so ya yi wa kawunsa. Hannun hagu ya fara bushewa. Na dama kuwa ya kumbura har gwiwar hannu, yatsun suka yi baƙi, zazzaɓi ya rufe shi. Wari ya fara, har tantabaru suka ƙaura ɗaya gefen.

Na ce, "Kawu, mu tafi asibiti, ko me za a yi a yi."

Ya ce, "In aka kama mu, da me zan koma? In ce wa uwarka me? Ka yi haƙuri, ɗana, zai sace."

"Ba zai sace ba, Kawu! Ruɓewa yake!"

"Kada ka ɗaga mini murya."

Ammi Buzid an gaya masa mun bar aiki mun tafi. Bai yarda ba. Wata safiya ya faki idon Yalla ya hawo siririyar matakalar nan da ƙyar, yana haki, da kwanon miya da burodi a hannu. Da ya ga hannun sai ya ajiye kwanon ya zauna a ƙasa. Ya ce in gaya wa Kawu, a wannan sana'a abin da ake fara koya wa mutum, tun bai taɓa igiya ba, shi ne in ta ruga ka sake ta ka gudu. Labule ya faɗi, a ɗinka wani. Ya ce kalma ɗaya ce, da an bar shi ya shiga da ya faɗa.

Na juya wa Kawu. Ya yi murmushi, leɓunansa duk sun tsage. Ya ce, "Gaya masa, mu kuma abin da ake fara koya mana shi ne in ta ruga kada ka saki, ko za ta tafi da hannun. Ko ya faɗa mini, ban san ko hannun zai ji ba."

Ammi ya ce yau ɗin nan, ba gobe ba, in ba haka ba ba hannu kaɗai za a rasa ba. Ban ƙara neman izinin Kawu ba. Na goya shi. Mutumin da ke ja ni daga ƙasan duniya, ya koma ba nauyi. Na sauko siririyar matakala, na tarar an sa wa ƙofar lungu sarƙa. Sai na juya, na ratsa zaure ta tsakiyar sababbin kujeru, na fito kan matakalar farin dutse, wadda aka wanke aka goge jiya.

Yalla ya taho da gudu. Kun san abin da ya ce? Dutsen! Wai za mu ɓata dutsen, ba a taka shi da takalmin aiki. Na manta Faransancin kaf, da Hausa na wanke shi. Na ce Allah ya isa, mugu, azzalumi, mara imani, Allah ya haɗa ka da ranar da za ka nemi mai ba ka ruwa a baki. Bai ji kalma ɗaya ba, amma ya gane, don ya ja da baya. Na taka dutsen nan ɗaya bayan ɗaya, da siminti a ƙafata, ruwan ciwon Kawu na ɗiga a kai. Ammi ya zare sakatar ƙofar gaba da kansa, ya tsayar da tasi, ya shiga gaba.

Likitar mace ce. Ba ta tambaye mu takarda ba, ko sau ɗaya. Da ta kwance bandejin ta juyo kaina da faɗa, me ya sa sai yanzu? Ta ce da ranar da abin ya faru aka kawo shi, karaya ce da ƙuna, da an ɗaure, da an ceci yatsun. Duk tsoron da aka cusa mana, duk kwanakin nan na cizon rawani, ashe da mun zo da karɓar mu za a yi. Suka yanke yatsu uku na tsakiya, suka bar masa babba da ƙarami. Tafin hagu kuma da ya warke sai fatar ta tsuke, ba ya buɗuwa sosai, ba ya rufuwa sosai.

Ammi ya ajiye mu a wani ɗaki bayan gidan ƙanwarsa, ita ke aiko mana da abinci. Ba mu koma ginin ba. Wata rana muna hanyar zuwa wankin ciwo aka yi kamen baƙi a titi, aka haɗa da mu. Mota bayan mota kuma, amma wannan karon kudu. Aka sauke mu a rairayi aka nuna mana hanyar Asamaka, garin bakin iyakar ƙasarmu. Ni na ɗauki jarkar ruwa, in mun tsaya in kafa masa a baki. Duk tafiyar nan Kawu bai zagi kowa ba. Ni na yi zagin mu biyu, har muryata ta dushe.

Mun iso gida bayan la'asar. Kafin mu sha ruwa zaure ya cika. Maza suna miƙo hannu, Kawu yana ba su tsintsiyar hannunsa, su kama su saki da sauri, suna "Sannu, sannu, Allah ya sa kaffara ne." Babu wanda ya tambayi yadda aka yi. A wajenmu in mai riƙon igiya ya dawo da hannu haka, kowa ya san yadda aka yi.

Da mutane suka ragu muka shiga wurin Kaka, mahaifiyarsa. Idonta ya yi rauni, da hannu take gani. Mijinta mai riƙo ne, ubanta ma haka. Kawu ya durƙusa gabanta. Ta lalubo hannun hagu, ta bi tabon da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Ta lalubo na dama, ta tsaya inda yatsun suka ƙare. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga kai, fuskarta har da wani haske.

"Igiya ce," in ji ta. "Ba ka saki ba."

"Ban saki ba, Inna."

"Haka ubanka. To, alhamdu lillahi. Wanda ke ƙasa fa, ya fito da rai? Ɗan wane gari ne?"

Kawu ya sunkuyar da kai. Ta juyo wajena. "Kai, mai baki, yau kuma an ɗinke shi? Na ce mutumin ya rayu?"

Na buɗe baki, ban san abin da zai fito ba. Kawu ya riga ni.

"Ba mutum ba ne, Inna. Labule ne."

"Labule?"

"Na gidan wasa. An yi masa zanen sama."

Ta daɗe riƙe da hannun. Na ga hasken nan ya bar fuskarta a hankali. Can ta ce, "To mai labulen, ya zo ya duba ka?"

Uwata ta shigo da ƙwaryar fura ta ajiye gabansa. Kawu ya kai hannu ga ludayi, ya kama da yatsu biyun, ya suɓuce. Ya sake kamawa, ya sake suɓucewa. Kaka ta ji ƙarar. Ta laluba ta ɗauki ludayin, ta ɗebo, ta lalubo gemunsa mai furfura da ɗaya hannun, ta kai masa baki. Ya buɗe.

Ni na tashi na fita, don in na zauna sai na fasa wani abu.